Yadda Ake Amfani da Tataccen Man Ƙamshi a Gida, Ɗigo Bayan Ɗigo

Ranar da na fara sayen man kanumfari, haƙori ne ya hana ni barci. Na tsoma auduga a bakin kwalbar har ta jiƙe sharkaf, na danna a dasashi, na kwanta. Ciwon ya lafa kam, ba zan yi ƙarya ba. Amma da gari ya waye wurin ya yi fari fat, fatar ta saɓule, na yi kwana huɗu ko kunu mai ɗumi ba na iya kurɓa sai da hawaye. Yayata da ta leƙa bakina cewa ta yi, "Ke kuma wa ya aike ki? Kowa ya ɗebo da zafi bakinsa." Ni a lokacin gani nake tunda kanumfari ne, wanda muke jefawa a zoɓo da kunun aya kullum, ai ba zai yi ɓarna ba.

To a nan yawancinmu muke faɗawa rami. Abin da ke cikin 'yar kwalbar nan ba kanumfarin girki ba ne, ƙarfinsa ne aka tattara wuri guda. Shi ya sa duk bayanin da zan yi a ƙasa yana komawa ga abu ɗaya: wannan mai da ɗigo ake ƙirga shi, ba da cokali ba. Da uwargida nake magana, amma maigida ma in ya karanta ba zai yi asara ba.

Da farko, ki san abin da kike saya

Mai iri uku ne ake rikitawa a kasuwa, kuma wani lokacin shi kansa mai shagon bai bambance su ba.

Akwai man da ake matsewa daga ƙwaya ko iri, kamar man kwakwa, man riɗi, man zaitun, man kaɗanya, man darbejiya da man habbatus sauda. Waɗannan suna da maiƙo, ba sa bin iska. Akwai madarar turare, wadda masu haɗa humra da turaren wuta suka sani sarai. Mafi yawanta a masana'anta ake haɗa ta, aikinta ƙamshi ne kawai, kuma ba laifi ba ce in dai a matsayinta aka saye ta. Sai na ukun, wanda muke magana a kansa: tataccen man ƙamshi, wato wanda ake fitarwa daga ganye, fure, saiwa, ɓawo ko ƙaron bishiya. Yawanci da tururi ake tatso shi. A cika tukunya da ganyen, tururi ya ratsa shi ya kwashi ƙamshin, a bi da shi ta bututu mai sanyi ya koma ruwa, sai man ya taso sama a kwashe. Ruwan da ya rage a ƙasa shi ma ba a zubar da shi, irinsa ne ruwan wardi. Na lemo kuwa ba a dafa shi, ɓawon ake matsewa. In kin taɓa lanƙwasa ɓawon lemon zaƙi wani feshi ya shige miki ido, to kin riga kin gaisa da shi.

Sana'ar ba ta yau ba ce. Tun a ƙarni na 9 Al-Kindi ya rubuta littafi a Bagadaza kan haɗa turare da tace shi. Sunan da Turawa ke kiran jinya da ƙamshi kuwa, aromaterafi, wani masanin sinadarai ɗan Faransa ne ya yaɗa shi, René-Maurice Gattefossé, a littafin da ya fitar a 1937. Shi ne wanda ya ƙone a ɗakin gwaje-gwajensa a 1910 ya yi jinya da man lafenda, wani tsiro mai fure mai ƙamshi. Masu talla suna son wannan labarin ƙwarai, amma ke in ruwan zafi ya zubo miki, ki tara wurin a ruwa mai sanyi na kamar minti 20, ki bar kwalbar lafenda a inda take.

Don ki gane yawan ƙarfin da ake tarawa: ana buƙatar furen wardi sama da kilo 3,000 kafin a samu kilo ɗaya na mansa, ko a Bulgeriya ko a Ɗa'ifa ta Saudiyya. Saboda haka in aka miƙo miki "asalin man wardi" da kuɗin da bai kai na mudun shinkafa ba, ki yi murmushi ki wuce. Araha ba ta ado.

Ga abin da nake dubawa kafin in ciro kuɗi. Kwalbar ta kasance ta gilashi mai duhu, ruwan ƙasa ko shuɗiya, da ɗan murfin ciki mai sakin ɗigo ɗaya-ɗaya. Wanda aka ɗura a farar roba aka jera a rana, ko kyauta ne ba na so. A jikinta a samu sunan tsiron na Latin: lafenda ita ce Lavandula angustifolia, na'a-na'a mai yaji Mentha piperita, bishiyar turare Eucalyptus globulus, kanumfari Syzygium aromaticum, tsauri Cymbopogon citratus. A samu ƙasar da aka yi shi da ranar lalacewa. Sannan ki kalli farashin jerin gaba ɗaya. In lemo da sandal da wardi duk kuɗinsu ɗaya, to madarar turare ce aka sauya wa riga.

In kin isa gida ki ɗiga ɗaya a farar takarda ki ajiye. Man lemo, na'a-na'a, lafenda da bishiyar turare za su bi iska cikin 'yan sa'o'i, ba za su bar zoben maiƙo ba. In washegari kika tarar da tabo kamar an ɗora ƙosai a wurin, an sirka shi da wani mai. Sai dai wannan gwajin ba ya aiki ga masu nauyi irin su sandal da man saiwar jema, su dama suna daɗewa a takarda.

Kwalba nawa za ki fara da su?

Uku sun isa. Ni da za a tambaye ni, lafenda don dare, na'a-na'a don ciwon kai da kasalar rana, sai man turare, wato na bishiyar turare, don lokacin hunturu da mura. In akwai sauran kuɗi ki ƙara na lemon zaƙi, shi ne ya fi sauƙin farashi, kuma ban taɓa ganin wanda ya ƙi ƙamshinsa ba. Kanumfari da kirfa ki bar su sai hannunki ya faɗa. Su ne muka fi sabawa da su a kicin, kuma su ne suka fi saurin ƙona fata.

Wani abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda muke sayen na waje da tsada alhali danginsu na nan a dazukanmu. Bishiyar hano 'yar'uwar bishiyar luban ce ta Oman da Somaliya. Jema da ke fitowa a fadama ɗan'uwan wanda ake noma wa masu turare ne a Haiti. Matan Barno da na Shuwa da suka gaji kajiji da sandal da farce ba su jira wani ya gaya musu ƙamshi yana gyara zuciya ba. Bambancin dai shi ne su itace da saiwa suke ƙonawa, wannan kuwa tsantsarsa ce, don haka dokarsa daban.

Lissafin ɗigo

Ki zauna ki fahimci wannan, sauran duk mai sauƙi ne. Ba a shafa tataccen mai a fata zallansa, sai an sirka shi da man dako, wato ɗaya daga cikin masu maiƙon nan na farko. Man kwakwa, man riɗi ko man zaitun duk sun yi.

Mililita ɗaya tana ɗaukar ɗigo 20 ko kusa da haka. Cokalin shayi mililita 5 ne, kenan ɗigo 100. Idan kika sa ɗigo ɗaya na tataccen mai a cokalin shayi ɗaya na man dako, kin yi haɗin kashi 1 cikin 100. Ɗigo biyu, kashi 2. Shi kenan lissafin.

Don tausar jikin babba mai lafiya, kashi 2 ake yi. Babban cokali mililita 15 ne, ɗigo 6 zai ci. Kwalba mai mililita 30 kuwa ɗigo 12. Don fuska, ko tsoho, ko mai fata mai saurin kaikayi, ki tsaya a kashi 1. Kanumfari da tsauri ba sa wuce ɗigo ɗaya a cokalin shayi biyu. Man ɓawon kirfa ni ba na kai shi fata ko kaɗan.

In za ki haɗa iri biyu ko uku, jimillarsu ce za ta kai 12, ba kowanne 12 ba. Na faɗi haka ne don na ga wadda ta yi wannan kuskuren ta zo tana cewa man jabu ne.

Wata shawara: cokulan gidajenmu ba girmansu ɗaya ba. Ki sayi sirinji mai mililita 5 ko 10 a kemis, ki cire allurar, ki riƙa awo da shi. Ɗan kofin da ke zuwa da maganin tarin yara ma yana yi.

Gwaji kafin shafawa

Bayan kin sirka, ki shafa kaɗan a cikin gwiwar hannu, inda fata ke da laushi, ki bar shi kwana ɗaya ba tare da kin wanke ba. In ya yi ja, ko kaikayi, ko ƙananan ƙuraje, wannan man ba naki ba ne. In kuma yana zafi tun a take, kada ki fara da ruwa zalla, don ba ya haɗuwa da ruwa. Ki shafa man kwakwa ko na girki ki goge da tsumma, sannan ki wanke da sabulu.

Hanyar shaƙa

Wannan ita ce asalin jinya da ƙamshi, kuma ita ta fi aminci. Jijiyar jin ƙamshi tana da gajeriyar hanya zuwa sashen ƙwaƙwalwa mai kula da tuna baya da yanayin zuciya. Shi ya sa za ki ji wani turaren wuta a gidan biki, nan take ɗakin kakarki ya faɗo miki a rai.

Mafi sauƙi shi ne hankici. Ɗigo ɗaya ko biyu a hankici ko auduga, ki riƙe nesa kaɗan da hanci, ki ja numfashi a hankali sau huɗu ko biyar. Don barci, ki sa lafenda a auduga ki tura cikin rigar filo ta gefen da ba ya taɓa fuska. Mai jiri a mota ta gwada na'a-na'a a hankici kafin a bar tasha.

Na biyu ita ce na'urar nan mai fitar da hazo, wadda ake zuba wa ruwa a jona a wuta. Ki cika ruwan zuwa layin da aka zana, yawanci mililita 100, ki ɗiga 3 zuwa 5, ki kunna na rabin awa zuwa awa ɗaya, ki kashe. Barinta tana aiki har asuba ba ya ƙara komai sai ciwon kai, don hanci yana sabawa ya daina ji, jiki kuwa bai daina shaƙa ba. Ki bar taga ko ƙofa a ɗan buɗe. In an ɗauke wuta ba sai kin damu ba: ki zuba ruwan zafi a kwanon tangaran, ki ɗiga uku, ki ɗora a saman kabad inda hannun yaro ba ya kai.

Abin da ba za ki yi ba shi ne ɗiga shi a kan garwashin kasko. Na san hannu ya saba, amma wannan man yana kama wuta, kuma ko bai kama ba ƙonewa zai yi ya ba ki ƙauri. Kasko da kabbasa na turaren wuta ne, ki bar musu aikinsu. In kaya kike so su ɗauka, ki ɗiga a auduga ki jefa a lungun akwati, kada ya taɓa yadin.

Na uku sirace, maganin toshewar hanci lokacin da ƙurar hunturu ta sauko. Ki tafasa ruwa, ki juye a kwano mai faɗi a kan tebur, ki jira minti biyu zafin ya ɗan sauka. Ɗigo ɗaya na man turare, in ya yi yawa biyu. Ki rufe ido, ki lulluɓa da tawul, fuskarki ta yi nisan kamar taƙi ɗaya da rabi daga ruwan, ki shaƙa na minti biyar. Na sake cewa ki rufe ido. Mai asma kada ta yi, yara ma kada a yi musu, don ko ba man ba, ruwan zafin kansa yana iya kifewa a cinyarsu.

Haɗi uku da nake yi

Man tausa na dare: man riɗi ko na kwakwa mililita 30, lafenda ɗigo 8, lemon zaƙi ɗigo 4. Ki zuba man dakon a kwalba mai duhu, ki ɗiga sauran a kai, ki rufe ki murza kwalbar tsakanin tafukanki. A shafa a kafaɗa, bayan wuya da tafin ƙafa. Ki manna takarda ki rubuta abin da ke ciki da kwanan wata, don bayan wata biyu wallahi ba za ki tuna ba.

Na ciwon kai, irin wanda ke ɗaure goshi bayan dogon yini: 'yar kwalba mai ƙwallo a baki, irin ta turaren aljihu, mililita 10. Ki cika da man kwakwa, ki sa na'a-na'a ɗigo 6. A goga a gefen goshi da ƙeya, nesa da ido, a wanke hannu bayan nan. Za ki ji sanyi yana ratsawa, aikin sinadarin mentol ne.

Na man kaɗanya, don kaushi da faso: wannan shi ne wanda na fi so, kuma shi ne wanda aka fi ɓatawa. Ki ɗebi babban cokali biyu na man kaɗanya a ƙaramin kwano, ki ɗora kwanon a cikin tukunyar ruwan zafi ya narke a hankali. Kada ki ɗora shi kai tsaye a wuta. In ya narke ki sauke, ki jira. Nan ne gaggawa ke cin mutane: in kika ɗiga man yana da zafi, ƙamshin zai bi tururi ya tafi, ki zauna da man kaɗanya zalla kina zagin mai shago. Ki bari sai ya fara yin hazo-hazo, ya yi kauri kamar koko, in kin sa yatsa ɗumi kawai za ki ji. Sannan ki sa lafenda ɗigo 10, ki buga da cokali sosai, ki juye a kwalba mai faɗin baki. Da dare a wanke ƙafa, a shafa, a sa safa.

Wanka kuma, tunda yawancinmu da bokiti muke yi, kada ki ɗiga man a ruwa kai tsaye. Zai taso sama ne ya tsaya, kofin farko da kika kwara ya kwaso shi zallansa ya zuba miki a jiki. Ki dama ɗigo 3 a babban cokali na sabulun ruwa tukuna, sannan ki juye. Na'a-na'a, kanumfari, kirfa da tsauri ba sa shiga ruwan wanka.

Inda ake taka birki

Ba a sha. Ko an ce "na ci ne", ko wata ta rantse miki a WhatsApp cewa tana ɗigawa a shayi. Man turare kaɗan ya isa ya jefa ƙaramin yaro cikin mummunan hali, har da jijjiga. In yaro ya sha, kada a sa shi amai, kada a tsaya ɗura masa manja ko madara, a ɗauke shi da kwalbar a tafi asibiti.

Ba a sa shi a ido, ba a ɗiga a kunne, ba a yin matsi ko tsarki da shi. Wannan na ƙarshen na faɗe shi ne da gangan, don na san yadda kanumfari ya yi suna a wajen gyaran jiki. Jiƙa 'ya'yan kanumfari a ruwa daban, tataccen mansa daban. Fatar wurin ta fi ta dasashi laushi, kuma kin ji abin da ya yi wa dasashina.

Jariri da yaron da bai kai shekara biyu ba, ki raba shi da waɗannan mayukan gaba ɗaya, man kaɗanya zalla ya ishe shi. Na'a-na'a da man turare kada su kusanci fuskar ƙananan yara, suna iya taɓa numfashinsu. Mai jego da ke shayarwa kada ta shafa a ƙirji. Mai juna biyu, mai farfaɗiya, mai asma da mai shan maganin tsinka jini, su tambayi likita kafin su fara. In kina da kyanwa a gida kada ki kulle ta a ɗakin da na'urar ke aiki, hantarta ba ta iya sarrafa waɗannan sinadaran.

Sai maganar rana, wadda ta shafe mu fiye da mutanen Turai. Man ɓawon lemon tsami da na bagamot, wani dangin lemo, suna da sinadarin da in rana ta haska fatar da aka shafa, sai ta ƙone ta bar baƙin tabo mai daɗewa. In kin shafa su, wurin kada ya ga rana sai bayan awa 12. A ƙasar da rana ke dukan mutum tun ƙarfe tara, ma'anar wannan ita ce a bar su sai dare, ko a tsaya ga shaƙa. Lemon zaƙi ba shi da wannan matsalar.

Game da amfaninsa kuma, gara in faɗa miki gaskiya. Yana taimaka wa barci, yana sassauta fargaba, yana rage wani ciwon kan, yana sa toshewar hanci ta yi sauƙi. Iyakarsa kenan a wajena. Ba ya maganin zazzaɓin cizon sauro, ba ya sauke hawan jini, ba ya warkar da ciwon suga, kuma ƙamshin tsauri ba ya maye gurbin gidan sauro, don korar da yake yi ba ta daɗewa. Haƙorin nan nawa ma, bayan duk wahalar, sai da aka cire shi.

Ajiya

Abokan gabarsa uku ne: zafi, haske da iska. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Kano da Sakkwato da Yamai, kwalbar da aka bari a kan madubi kusa da taga ba za ta kai damina da lafiyarta ba. Ki rufe murfin gam da zarar kin gama ɗigawa. Ki tara su a gwangwani mai murfi, ki sa a firij in akwai, in babu ki nemi lungun da ya fi sanyi a ɗaki, can ƙasa, amma inda za ki iya kullewa saboda yara. Na dangin lemo sun fi saurin tsufa, shekara ɗaya zuwa biyu. Sandal da jema suna shekaru ba su ce komai ba. Wanda kika riga kika sirka da man dako kuwa, ki yi kaɗan-kaɗan yadda zai ƙare cikin wata uku.

Za ki gane ya lalace in ƙamshin ya juya ya yi tsami-tsami, ko man ya yi kauri yana danƙo a bakin kwalba, ko ya yi gurɓi. Irin wannan ya fi sabo saurin tayar da ƙuraje, don haka kada ya sake taɓa fata. Ni ragowar na lemon zaƙi da ya tsufa, ɗigo biyar nake damawa da sabulun ruwa in zuba a bokitin goge tsakar ɗaki.